Tsakar gida fayau a Agadas: me zan shuka, ina zan kafa rumfa?

Malamin Lakwal, Agadas

Assalamu alaikum. Jama'a, shawara nake nema wajen masu sanin ƙasa da itace, musamman waɗanda ke zaune inda ruwa ke da wuya.

Ni Badamagare ne, koyarwa ta kawo ni Agadas, har Allah ya hore mini fili a bayan gari na gina ɗaki biyu da falo. Ginin bulo ne, rufin kwano, na zagaye da katanga. Tsakar gidan ta kai mita 12 a faɗi, 15 a tsawo, kuma fayau take, ko tsinke babu. Ƙasar rairayi ce a sama, amma in ka haƙa kamar kamu ɗaya sai ka ci karo da tsakuwa da ƙasa mai tauri. Ƙofofin ɗakunan yamma suke kallo, don ta nan titi ya bi. Daga azahar rana take leƙowa har bakin gado, bangon kuma ya kwashi zafin nan ya yi ta huci da shi har bayan isha'i.

Maganar ruwa kuwa, famfo da dare yake zuwa, shi ma a hankali, mu tara a tono biyu. Da bazara ta kankama sai an haɗa da saye wajen masu kura. In na matse, abin da zan iya ware wa shuka bai wuce bido biyu ko uku a rana ba, na lita 25. Wanda bai san garin nan ba, ruwan sama na shekara guda a nan bai cika kai milimita 200 ba, galibi ma ƙasa da haka sosai, kuma kusan duka a Yuli da Agusta yake sauka.

To ga inda gizo ke saƙa. Uwargida ciyawa take so, kore shar, da fulawoyi, irin na gidajen Dubai da take gani a waya. Inna, wato mahaifiyata da ke tare da mu, ita itace take so ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi, da zogale da lalle, da wurin ɗaure awakinta biyu. Ni kuma burina wurin da zan zauna da abokai mu dafa shayi da dare, yara kuma su kwana waje lokacin zafi. Wani magini ya ce in bar wahalar da kaina, in malale gidan da siminti kowa ya huta da shara.

Wane itace ne zai rayu da ruwan da na faɗa? Ina ya kamata rumfa ta tsaya? Kuma simintin nan, in yi ko kar in yi? Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Lambu, Sakkwato

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya sanya albarka a gidan, ya sa a shiga da ƙafar dama.

Fara da simintin: kar ka yi. Bangon da ka ce yana huci da dare, ƙasa za ka shimfiɗa wa irinsa, ka kuma ce yara su kwanta a kai. Rairayi da rana ya fi siminti ƙuna a tafin ƙafa, gaskiya ne, amma da rana ta faɗi yake sakin zafinsa, in ka yayyafa masa ruwa kaɗan da la'asar sakaliya sai ka ji wurin ya yi sanyi har da ƙamshin ƙasa. Ka yi 'yar siririyar hanya daga ƙofar gida zuwa ɗaki, da wata zuwa banɗaki, da dutse ko intalok, sauran ka zuba yashi mai kyau wanda aka tankaɗe.

A irin garinku inuwa ake fara nema, kore daga baya yake zuwa. Kuma da bido uku ba ka da ikon riƙe itace goma. Uku ko huɗu, ka raine su da kyau, sun fi goma da za su tsaya a ƙanjame.

Babban itace guda ɗaya, dogon yaro, ka sa shi yamma da ɗakunan domin ya tare ranar la'asar. Yana da saurin girma, ba ya zubar da ganye gaba ɗaya a bazara, dabba ba ta cika damunsa ba saboda ɗaci. Aibinsa saiwa: tana bin danshi duk inda yake. Ka ba shi tazarar mita biyar daga gini, kuma ka nisanta shi da ramin masai da bututun ruwa. Na biyu magarya, amma ka nemi 'yar aure, wadda 'ya'yanta ke yin manya, yara su samu abin tsinka. Na uku rumman. Ai ku ne ma kusa da shi, mutanen Timiya cikin duwatsun Abzin suna noma shi tare da lemu. Zogalen Inna ka jera ƙafa huɗu ko biyar kusa da inda ake alwala, kuma da ya kai tsayin mutum ka sare kansa ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe zalau iska ta karya shi. Kar ka sa rai da inuwarsa, na miya ne da kwaɗo.

Mangwaro ka haƙura da shi, duk da na san rai na so. Gawo kuma na gona ne da bakin kori, girmansa ya fi ƙarfin tsakar gida. Dabino ma mutane na ganinsa a hamada su ɗauka ba ya shan ruwa, alhali Larabawa cewa suke ƙafarsa cikin ruwa, kansa cikin wuta. Ga ƙaya a gindin ganye daidai idon yaro, ga shi sai ya daɗe kafin ya yi inuwa, ga shi in daga ƙwallo ka shuka ba ka san namiji ne ko mace ba sai bayan shekaru.

Ramin dashe shi ne rabin aikin. Ka haƙa kamu ɗaya da rabi a faɗi da zurfi, ka fasa wannan ƙasa mai taurin da ka ce, don in ba ka fasa ta ba saiwa za ta yi ta zagaye a sama. Ka cakuɗa ƙasar da tsohon kashin awaki wanda ya riga ya ruɓe ya huce. Sabo yana ƙona dashe. Ka cika ramin da ruwa ka bar shi ya tsotse kafin ka sa itacen. Kuma kar ka dasa a Afrilu, ka jira iskar damina ta juyo.

Sai abin da ya fi rage mini wahala a lambu: tulu. Ka sayi tulun ƙasa irin wanda ke tsatsafo, ka binne shi har wuya kamar taƙi ɗaya daga gindin dashen, ka cika shi, ka rufe bakin da faifai ko murfi saboda sauro da ƙasa. Ruwan zai riƙa fita a hankali ta jikinsa, a ƙarƙashin ƙasa inda rana ba ta gani. Kana leƙawa, in ya yi ƙasa ka ƙara. Wanda ke watsa ruwa kaɗan-kaɗan a saman ƙasa kullum, saiwa yake koya wa zama a sama, ranar da famfo ya ɗauke kwana uku kuma itacen ya sunkuya. Gara ka shayar sosai ka tsallake kwanaki.

Ruwan alwala, na wankin shinkafa da na ɗauraye kwanuka, duk kar a zubar a rariya. Amma na wanki mai garin sabulu ka raba shi da dashe, gishiri ne da shi. In ka ga farin ɓawo a gindin itace, gishiri ne ya taru, sai ka yi masa ambaliya guda da ruwa mai kyau ya nutse ƙasa.

Ɗalibar Aikin Gona, Maraɗi

Baba, Allah ya ƙara girma, kun gama magana. Ni dai zan taimaka wa Malam da lissafin da zai kai wa Anti, don ciyawar nan ba ta buƙatar gardama, alƙalami kawai.

Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A zafin Afrilu da Mayu na wuri irin Agadas, ciyawa na iya shanye milimita 8 zuwa 10 a rana, tsakanin abin da ta sha da abin da rana da iska suka kwashe. Ku ce za ku yi ɗan fili mita 5 a mita 6, wato murabba'in mita 30. Lita 240 zuwa 300 ke nan kullum, bido goma zuwa sha biyu. Ku kuma uku gare ku. Dubai da ake gani, ruwan teku suke tacewa, kuma shuke-shuken titunansu da ruwan da aka yi amfani da shi aka sake tacewa ake shayar da su. Ko a Amurka, jihar Nebada inda birnin Las Begas yake, a 2021 sun yi doka cewa a cire ciyawar ado da ba a taka ta, wadda ke gaban ma'aikatu da tsakiyar tituna, kuma hukumar ruwan yankin ta daɗe tana biyan masu gida kuɗi in sun tumɓuke tasu sun sa itatuwan hamada.

Lissafin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. In rufinku ya kai murabba'in mita 60, ruwan sama na milimita 100 zai zubo muku lita 6,000 daga indararo. Ko rabinsa kuka tare a tono da tanki, kun rage sayen ruwa.

Abu na biyu, Malam, ku duba ƙofar gida da gefen katanga ko akwai wani ɗan toho da ya fito da kansa, aduwa ko magarya ko kandili, ko kututturen da aka sare lokacin share fili. Wannan ya fi duk wanda za ku saya, domin saiwarsa ta riga ta yi nisa. Ku bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ku sassabe sauran, ku kare shi daga awaki. Shi ne sassaben zamani da manoman jiharmu suka kama tun wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya yake aiki a nan, kuma da shi aka mayar da itatuwa a gonaki kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar ba tare da dashe ba. Aduwa ba ta da sauri, amma in ta kama ba ta ƙara tambayarku ruwa.

Magini Ɗan Tawa

Malam, ni ba masanin shuka ba ne, gini na sani, kuma na yi aiki a Agadas da Arlit.

Baba ya yi haƙuri, a kan dogon yaro ina da ja kaɗan. A Sakkwato ruwan shekara ya ninka na Agadas sau uku ko fiye, itacen yana samun abin da zai rayu da shi. A Agadas inda danshi yake kaɗai zai bi, danshin kuwa a gidan Malam ramin masai ne da gindin famfo. Na sha gyara ramin da saiwa ta fasa. In da hali a kai shi waje, ƙofar gida, tunda ita ma yamma take, ya yi wa katanga da masu wucewa inuwa. A ciki a sa abin da bai kai shi ƙarfi ba.

Kuma itace sai ya shekara uku ko huɗu kafin a zauna ƙarƙashinsa, rumfa kuwa sati guda. Ka kafa ta manne da gaban ɗakunan, ta rufe ƙofofi da bangon yamma gaba ɗaya, faɗin mita uku, tsayi kusan mita uku don zafi ya samu wurin tashi. In kwano za ka sa, dole ka yi masa shimfiɗar zana ko asabari a ƙasa da 'yar tazara tsakani, in ba haka ba ka gina tanda ne. Ni zana biyu a kan juna na fi so, ko tabarmar kaba irin wadda Buzaye ke rufa bukka da ita, iska na ratsawa, illa dai sai an sabunta. Ta gefen yamma ka rataya asabari da za a sauke da azahar a naɗe da magariba, domin ranar la'asar ta gefe take shigowa, rufi ba ya tare ta.

Kar ka dogara da inuwar katangar kudu ko ta arewa. A Agadas daga farkon Mayu zuwa farkon Agusta rana ta tsakar ka take bi, har ta ɗan karkata arewa, da hunturu kuma ta koma kudu. Inuwar da ba ta saɓa alkawari ita ce ta gindin katangar yamma daga ciki, tun la'asar. Nan za ka yi dakalin shayinka. Ka yi shi da tubalin ƙasa, tsayin gwiwa, a shafe da yumɓu, ba bulo ba.

Ƙafafun rumfa ka binne su da zurfi ka zuba kankare, ka ɗaure rufin da waya. Guguwar da ke gaban hadari daga gabas take tasowa, kuma ba ta sallama.

Sai magudana. Mutane na raina ruwan Agadas saboda ƙarancinsa, amma wanda ya ga ambaliyar da korin Telwa ya yi a Satumban 2009 ba ya raina shi. Ka karkata ƙasar gidan ta gangaro daga gindin bango zuwa wajen itatuwa, kowane itace ka yi masa kunya mai siffar rabin wata, bakinta na kallon inda ruwa ke fitowa, yadda muke yi a gonakin Adar. Sannan ka bar rariya mai faɗi a katanga don rarar ta fita.

Maman 'Yan Biyu, Nguru

Malam, duk maza sun taru sun kashe wa 'yar'uwata ciyawarta, ba wanda ya ce ga abin da za a ba ta a madadi. Ita ce fa ke wuni a gidan nan.

Ka ce mata ta zaɓi kusurwa ɗaya wadda take gani daga ƙofar ɗakinta, a tara duk abin adon a nan, cikin tukwanen ƙasa da tsofaffin randuna, inda rana ke samunsu da safe kawai. Nawa a bakin rumfa suke: na'ana'a don shayi, ɗoɗɗoya, kabar giwa, da ƙarya guda biyu masu jan fure. Ƙarya ba ta son ruwa da yawa, ruɓewa ma take in an cika mata, kuma a tsakiyar rani take fure lokacin da komai ya bushe. Sai dai ruwan jikinta guba ne, a ɗora ta inda yaro da akuya ba sa kai. Lallen Inna a jera shi ya zama shinge tsakanin madafa da wurin zama, in ya yi fure da dare za ka ji ƙamshinsa har ɗaki. Da damina kuma ki, au, ka sa soso ko duma a gindin rumfa, kafin wata biyu ya haye ya rufe ta da kore.

Awakin nan su ne babban abokin gaba, ba rana ba. Minti biyar aka yi sakaci zogale ya tafi. A yi musu turke a kusurwar da iska ba ta kawo warin wurin zama, kowane dashe kuma a zagaye shi da ragar waya ko tubali mai ƙofofi.

Tunda yara za su kwana waje, kar a tara duwatsu ko itacen girki kusa da shimfiɗa, maɓoyar kunama ce. Gado ko dakali, gidan sauro, da kakkaɓe tabarma kafin a kwanta. Randar sha kuma a ajiye ta a inuwa kan jiƙaƙƙen yashi, ɗigon da ke sauka a sa tukunyar na'ana'a ta tare.

Direba a Madina

Malam, abin da magini ya ce na rumfa shi nake gani kullum a nan. Harabar Masallacin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba ciyawa aka shuka ba, laimomi 250 aka kafa masu buɗewa da rufewa. Da rana a buɗe, da dare a naɗe su zafin ƙasa ya tashi sama. Ka ɗauki wannan: wurin kwanan yara kar ka rufe shi da rufin dindindin, sararin sama ne ke sanyaya shi. A Makka kuma farin marmara da ke wurin ɗawafi daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka aka kawo, ana taka shi ba takalmi da rana tsaka. Mu ba mu da kuɗin marmara, amma farar ƙasa ko farin fenti a bangon yamma da kan kwano ba su fi ƙarfinka ba.

Kuma in wani ya ce ka sayi ciyawar roba don Hajiya ta ga kore, kar ka yarda sai in cikin inuwa za a shimfiɗa. A rana tana ƙuna fiye da yashi, ga ƙura da ke cika ta.

Malamin Lakwal, Agadas

Kai, jama'a, Allah ya biya ku. Na karanta wa mutanen gida duka. Lissafin 'yarmu ta Maraɗi ya yi aiki, uwargida ta ce bido goma sha biyu ko kyauta ne ba ta ga mai ɗaukarsu ba. Amma ta ce a gaya wa Maman 'yan biyu ita kaɗai ce ta san darajar mata a nan, kuma randuna huɗu take so.

Na fita na duba kamar yadda aka ce. Ashe akwai 'yar aduwa a bayan katanga ta gefen kudu, awakin unguwa sun gwaguye ta har ta zama dunƙule, tsayinta bai kai gwiwa ba. Na zagaye ta da ƙaya. Rumfa za mu fara a ƙarshen watan nan, da zana. Dogon yaro zai fita ƙofar gida, Baba ku gafarce ni, na bi ta magini, domin ramin masaina bai fi mita shida daga inda kuka nuna ba. Ciki magarya da rumman da zogale.

Saura abu ɗaya. Baba, maƙwabcina ya ce in na zuba kara ko busasshiyar ciyawa a gindin dashe don riƙe danshi, gara na kira, kuma za ta ci dashen ta wuce kan zanar rumfa. Wani kuma ya ce a ramukan tassa, wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki a gona, da gangan ake son gara ta zo. Wanne zan kama?

Baba Mai Lambu, Sakkwato

Ba komai ɗana, magini ya fi ni sanin garin, kuma inuwar ƙofar gida ma sadaka ce.

Duk su biyun sun yi gaskiya. A gona gara na bin taki ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. A gida kuwa dashen da ƙishirwa ta raunana shi take kamawa. Ka zuba abin rufin, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen, ka barbaɗa toka a wannan zoben, ka riƙa ɗagawa kana dubawa duk sati. In da ganyen dogon yaro ka samu, ya fi kara. Ƙafafun rumfa kuma ka yi na ƙarfe, in na itace ne ka babbake gindin ka shafa baƙin mai kafin ka binne, kuma zana kar ta taɓa ƙasa ko bango. In ka ga ta fara gina hanyarta ta laka a jikin ƙafa, ka kankare tun da safe.

Tulun kuma ka gwada kafin ka biya: a zuba ruwa a ajiye a inuwa, in bayansa bai jiƙe ba, ba shi ba ne.